An ga kumburi a maƙogwaron jaririna tun yana ciki, an ce sai MRI

Maman Safwan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata bakwai. Na je sikanin, likita ya ce ruwan mahaifa ya yi yawa, kuma ya hango tsiro a maƙogwaron jaririn. Ya rubuta mini MRI, wani hoton cikin jiki da ake ɗauka da babbar na'ura. Maigidana na tsoron na'urar ta cutar da yaron, ya ce a bari sai an haihu. Sikanin ɗin bai isa ba ne? Don Allah ku ba ni shawara.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sauke ki lafiya. Ki lallashi maigida ku je. MRI da maganaɗisu yake aiki, ba shi da hasken nan mai iya cutarwa da ke cikin eksire ko hoton CT, kuma ba a saba yi wa mai ciki allurar nan ta ƙara hasken hoto ba. Ƙara ce kawai za ta dame ki, sai a toshe miki kunne. Yawan ruwan kuwa, jariri na haɗiyar ruwan da yake kwance a ciki. Idan tsiro ya tare hanya, sai ruwan ya taru.

Abu Hanif:
Ɗaukar irin waɗannan hotuna ne aikina. Sikanin na nuna akwai abu, amma MRI ne ke fayyace girmansa, ko ya danne hanyar numfashi, ko ya ratsa ƙashin ƙasan kai. Yana kuma taimakawa wajen bambance teratoma, wato tsiro mai haɗe da kitse da ƙashi, da kumburin da ruwa ne zalla. Jira sai an haihu shi ne haɗarin, Hajiya. Yanzu ta cibiya jaririn yake samun iska. Idan hoton ya nuna toshewa, akwai aikin da ake kira EXIT: a fito da kan jaririn da kafaɗunsa ta tiyata, a saka masa bututun numfashi, sannan a yanke cibiya. Wannan sai da shiri, ba a yinsa a gurguje.

Maman Safwan:
Jikina ya yi sanyi. Kenan cutar kansa ce?

Anti Nas:
Kada ki yanke hukunci tukuna. A jarirai yawancinsu ba kansa ba ne, amma sai an cire an gwada naman ake tabbatarwa. Ki tambayi likitanki inda za ki haihu, lallai ya zama babban asibiti mai likitan tiyatar yara da ɗakin kula da jarirai. Ki tafi da maigida ya ji da kunnensa. Idan kika ji ciki na ɗaurewa, ko numfashi na yi miki wuya, kada ki jira ranar awo.