Barchetta da Hausa: "barketa" ko "kwale-kwale"?

Jama'a, masu harkar mota da masu fassara, ku matso. Kalmar da ta tsaya mana a wuya ita ce barchetta, sunan da Italiyawa suka ba wata irin motar tsere mai kujera biyu wadda ba ta da rufi ko kaɗan. Shawarwari uku aka kawo, kuma biyu daga ciki ban yarda da su ba.

Na farko wani ya ce "buɗaɗɗiyar mota". Malam, wannan ai ta riga ta yi mai ita. Kana faɗa Bahaushe zai hango ɗan takara tsaye yana ɗaga wa jama'a hannu, ko kuma a-kori-kura ta ɗauko buhunan masara. Sannan akwai motocin da ake naɗe rufinsu a baya, in hadari ya taso a ja a rufe. Barchetta ta asali ba ta da wannan. Ɗan gilashi ne kawai a gaban direba, in ruwa ya sauko sai haƙuri.

Na biyu, a Hausance ta kawai, kamar yadda muka yi wa Fijo da Marsandi da Hayis. To, Italiyawa "barketta" suke faɗa, don "ch" ɗinsu "k" ce, sai ta zama "barketa". Ba laifi, amma waɗancan sunayen kamfani ne ko na samfuri, wannan kuwa siffa take bayyanawa. Ga shi kuma kunne na jin ta kamar barkatai.

Ni ina bayan na uku: kwale-kwale. Ma'anar kalmar ke nan a Italiyanci, ƙaramin jirgin ruwa, kuma ba a banza aka laƙaba ba. A 1948 Ferrari ta kai motarta 166 MM baje kolin motoci na Turin. Bodin aikin kamfanin Touring na Milan ne, ƙarƙashin Carlo Felice Bianchi Anderloni. Dabararsu sunanta Superleggera, wato mara nauyi sosai: a haɗa ƙwarangwal da siraran bututun ƙarfe, sannan a bubbuge alminiyam da hannu a lulluɓa a kai. Ku samu hotonta daga gefe ku duba. Akwai wani layi da ya taso daga gaba ya bi jikinta har baya, daga ƙasan layin kuma sai bodin ya lanƙwashe ya shige ciki ta ƙarƙashi, sak cikin jirgin masunta. Bakin gurbin da direba ke zama an kewaye shi da fata ɗinkin hannu. Inji V12 ne, wato mai silinda 12, mai lita 2, kuma 166 ɗin girman kowace silinda ne a ma'aunin cc. MM kuwa Mille Miglia, tseren Brescia zuwa Rum da dawowa. A 1949 ta ci wannan tseren, ta ci na awa 24 a Le Mans ta Faransa da direba Luigi Chinetti, ta ƙara da na Spa a Beljiyam.

Wani ɗan'uwa fanal bita ya tambaya: to waɗanda ake sake ƙerawa yau da bodin faiba a kan casis ɗin wata motar fa, ba jabu ba ne? Oga, a nan sai a bi a hankali. Jabu shi ne wanda aka manna wa tambarin Ferrari aka sayar maka a matsayin na asali. Wanda ya ce maka ga abin da na kwaikwaya, da kuɗinsa daidai, kwaikwayo ya yi. In kuwa muka ce duk mai kama da 166 MM jabu ne, za mu kwashe har da manya. A Ingila an yi wa wata motar tsere da John Tojeiro ya haɗa bodi irin na Touring. Kamfanin AC ya ga ta yi masa, ya fitar da Ace a 1953. Carroll Shelby na Amurka ya zo ya cusa mata injin Ford V8 a 1962, ta koma Cobra. Yanzu Cobra na cikin motocin da aka fi kwaikwaya a duniya, kuma da yawa daga masu haɗa ta a garejin gida ba su san zanen Milan suke gogewa ba.

Wata 'yar'uwa ta ce kada mai karatu ya zaci jirgin ruwa ake nufi. Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa a karon farko za a rubuta "mota kwale-kwale", daga baya a taƙaita. Inda kalmar ta zama sunan samfuri, kamar Fiat Barchetta ta 1995 (wadda ma tana da rufin naɗewa, sunan kawai ta ara) ko Ferrari 550 Barchetta ta 2000, a bar shi yadda kamfani ya rubuta.

Saboda haka: barchetta, mota kwale-kwale; wadda aka sake ƙerawa, kwaikwayon kwale-kwale. Saura spider, wani sunan da ake ba motoci masu buɗaɗɗen sama, kuma tun yanzu ina roƙo kada kowa ya kawo mini "gizo-gizo", don sunan daga wata siriryar karusar doki ya samo asali.