Adabin Ingilishi a Ingila: Shekarar share fage tana da amfani?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda makinsa bai kai na shiga digirin adabin Ingilishi kai tsaye ba, yaya tsarin shekarar share fage yake?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Digirin shekara 3 ne a Ingila, da share fage ya zama 4. Galibi ta UCAS ake nema, wato cibiyar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'in Birtaniya, zaɓin kwas biyar kake da shi. Amma ka duba da kyau: wata a haɗe take da digirin, wata kuwa kwas ne daban, sai ka ci makin da jami'ar ta gindaya kafin ka wuce.

Amsa ta 2: Malam, aikin ba karanta littattafai barkatai ba ne. Za a ba ka waƙa mai layi 14, a ce ka fayyace yadda karinta da kalmominta ke ɗaukar ma'ana. Inda ake faɗuwa shi ne maimaita labari maimakon kafa hujja da nassi. Sai satar fasaha: ɗauko jimla ba tare da faɗin majiya ba, Turnitin, manhajar gano rubutun da aka kwafa, na iya tona asiri.

Amsa ta 3: Ɗan ƙasar waje, a tanadi sakamakon IELTS, wato jarrabawar ƙwarewa a Ingilishi, da wuri, kuma kuɗin makaranta ya fi na 'yan gida nesa ba kusa ba.