Faci ne ya cinye mana rumbun bayanai

Na Tudun Wada, Gusau: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Ni ke riƙe da rumbun bayanan wata ƙungiyar manoma da ke ba da taki bashi a biya da kaka. Daren Alhamis na yi wa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, faci (gyaran sabunta manhaja), kamar yadda ake ta yi mana wa'azi a zauren nan. Da safe PostgreSQL, manhajar da ke tafiyar da rumbun, ta ƙi tashi, sai saƙo wai fayilolin ba su dace da sabar ba. Na garzaya ga bakof ɗin, wato kwafin ajiyar da yaron da na gada ya saita, na tarar wata uku ke nan fayil ɗin kowane dare wayam yake. Da hantsi wata dattijuwa ta zo da rasit ƙulle cikin leda, ta biya kuɗin buhu biyu tana son a soke sunanta, ni kuwa ko sunan ba na iya buɗewa. Saboda haka ina faɗa da babbar murya: faci ke kashe rumbu. Abin da ke aiki a ƙyale shi.

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam, Allah Shi kyauta. Amma Malam, wanga abu da ka kira bakof, ina yake ajiye?

Na Tudun Wada: Cikin sabar, a folda daban.

Ɗan Argungu: To daina kiran shi bakof. Ka zuba abinci da iri cikin rumbu guda, gobara ta tashi, mi za ka shuka? Bakof kwafi uku ne, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma can wani gari. Nawa ɗaya yana Jega wurin ƙanena.

Anti ta Zuru: Ƙanena, ko kwafi goma ka yi na fayil wayam, wayam ka tara. Bakof shi ne wanda ka taɓa maido da shi ka ga ya tashi. Ni duk ƙarshen wata nakan zuba nawa cikin wata tsohuwar laftof, in ƙirga layukan, in duba cinikin jiya ko yana ciki. Ka tuna kamfanin manhaja na GitLab ran 31 ga Janairun 2017? Ma'aikacinsu ya goge rumbu bisa kuskure, suka duba pg_dump ɗinsu, wanda ke kwafe musu rumbun, ashe ya daɗe yana faɗuwa shiru saboda sigarsa ta girmi ta sabar. Aikin kusan awa shida ya tafi.

Ɗan Argungu: Anti, wato nawa ma ba bakof ba ne kike nufi?

Anti ta Zuru: Yaushe rabonka da maido da shi?

Ɗan Argungu: Shekara bakwai ina wanga aiki, ban taɓa asarar layi guda ba.

Anti ta Zuru: Ba wannan na tambaye ka ba.

Baba na Talata Mafara: Ɗana na Tudun Wada, wace siga kake kai kafin Alhamis? In daga 12 ka tsallaka zuwa 16, ba faci ka yi ba, babbar siga ka canza, kuma sabuwa ba ta karanta fayilolin tsohuwa sai an bi ta pg_upgrade, manhajar da ke mayar da su na sabuwar siga. Mai yiwuwa bayananka na nan kwance. Kada ka goge komai.

Na Birnin Kebbi: Duk wannan wahala ta masu ajiye saba a ƙarƙashin tebur ce, kusa da inbata. A Amazon RDS, inda kamfanin Amazon ke riƙe maka rumbu a kilawud, wato sabobinsa da ake shiga ta intanet, kana iya riƙe bakof har na kwana 35, ka maido da rumbu daidai lokacin da kake so, faci kuma ka zaɓi daren da za a yi. Mai hankali ya koma kilawud.

Na Kaura Namoda: Mai hankali? Satumbar 2021 da aka kashe mana layukan waya a Zamfara baki ɗaya kana ina? Ku kuna Birnin Kebbi da sabis ɗinku, mu sai mutum ya shiga mota ya bar jiha kafin ya aika saƙo. Sabar ƙarƙashin teburin nan ita ta riƙe mu. Da littafin bashinmu na kilawud, da wa za mu tambaya?

Na Birnin Kebbi: Wannan sau nawa ya faru?

Na Kaura Namoda: Ran 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse fa, ku ma ba ku ɗanɗana ba? Ga biya da dala.

Ɗan Jega: Ku dakata. Ni kalmar yaro ta tsaya mani. Mutum ya haɗa maka saba, ya ja maka wayoyi, ya bar maka aiki na tafiya, don ba ya nan sai ya zama yaro? Wata uku fayil na wayam, kujerar wa ke gaban kwamfutar? Kuma da MySQL, wata manhajar rumbu daban, aka sa tun farko da ba a zo nan ba.

Anti ta Zuru: MySQL 5.7 da kake ta riƙo an daina yi mata gyara tun Oktoban 2023. Kuma rannan da bakinka ka ce ƙofar 3306 ɗinka, wadda ake shiga MySQL ta cikinta, a buɗe take ga duk intanet.

Ɗan Jega: Da kalmar sirri mai ƙarfi, Anti. Kada ki ɓata mani suna cikin mutane.

Shugaban zaure, Birnin Kebbi: Ya isa haka, jama'a. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda ajiye saba a ofis ya zama tsohon yayi, kuma da rumbun nan na kilawud da dattijuwar ta tafi gida da farin ciki. Maganar katse layi ta wuce. Na rufe batun.

Na Kaura Namoda: Kowa wa? Ku biyu ne, kuma gari guda.

Na Tudun Wada: Baba, yanzu na ga saƙonka. Eh, 12 ce, kuma ga foldar tana nan da nauyinta. In fara kwashe ta zuwa wani faifai kafin in maido da tsohuwar sigar ko? Dattijuwar ta ce za ta dawo ran Litinin.