Duhun kumatu ya ƙi tafiya: in yarda a yi min IPL?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar masu sani, musamman likitocin fata.

Tun ina da cikin ɗana na biyu wani duhu ya fito min a kumatu biyu da saman leɓe, kamar an goga min baƙin tukunya. Hoda ma ba ta rufe shi. Likita ta ce melasma ce. Na shafa man hydroquinone da ta rubuta, kullum kuma da man kariya daga rana mai SPF 50. Ya ɗan dusashe, amma bazara na shigowa ya dawo.

Yanzu wani wurin gyaran fata a Abuja sun ce su yi min IPL, wato gyaran fata da na'urar da ke haska mata haske mai ƙarfi. Abin da ya tsaya min a rai, na karanta cewa hasken nan launin fata yake bi, don haka ga mai duhun fata irina yana iya ƙona ta ya bar tabon da ya fi na farko muni. An ce wata na'urar hasken leza da ake kira Nd:YAG 1064 ta fi aminci gare mu masu duhun fata, sai dai ita ma duhun kan dawo bayanta, ga tsada.

To wanne zan bi? Akwai wadda aka yi wa ta ga sauƙi mai ɗorewa? Sannan ƙwayar tazarar haihuwa da nake sha, ko tana da hannu a ciki?