Manhaja mai dasuwa: ku taya mu yanke wannan kalma

Jama'a, salamu alaikum. Mako biyu ke nan muna jan kalma ɗaya a majalisarmu ta Samaru, wadda Turawa ke kira portability. Ma'anarta a rubuta manhaja a kan babbar manhaja ɗaya (wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows ko Linux), a kai ta kan wata, ta yi aiki ba tare da an sake gina ta daga tushe ba.

Ga yadda maganar ta taso. Mun rubuta ɗan laburare, wato guntun manhaja da wasu manhajoji ke aro, da yaren kwamfuta na Python, mai jera kalmomin Hausa bisa tsarin baƙaƙenmu, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Buɗaɗɗe ne, kowa na iya dubawa ya gyara. A kwamfutata mai Ubuntu, wani nau'in Linux, yana tafiya sumul. Sai wani ƙanena a Tudun Wada ya sa shi a Windows, ya kira ni: "Yaya, wane yare ne wannan?" Ya turo hoto, na ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa". Laifina ne. Na adana fayil ɗin da tsarin ajiye haruffa na UTF-8, inda ƙ ke cin bayit biyu (bayit shi ne ma'aunin ajiya a kwamfuta), amma ban faɗa wa Python haka ba wajen buɗewa. A Windows ɗinsa sai ya ɗauki tsohon tsarin cp1252, wanda bai san baƙaƙe masu ƙugiya ba, ya karanta kowane bayit a matsayin harafi dabam. Gyaran bai kai layi ɗaya ba. Da ya maido mini da nasa gyare-gyaren kuma, ya rubuta Kalmomi.txt alhali sunan fayil ɗin kalmomi.txt ne. Windows bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, Linux kuwa ya ce bai san zancen ba.

To, da muka zo rubuta bayanin laburaren da Hausa, nan muka cije.

Wani ya kawo "ɗaukuwa". Fassarar ƙamus ce, kuma ba ta yi mini ba. Tukunyar gas ma tana ɗaukuwa. Manhaja ba nauyi gare ta ba, ko a filashi ka jefa ta aljihu. Abin tambaya shi ne idan ta sauka, za ta rayu?

"Tafi-da-gidanka" ta samu masoya, sai dai wayar hannu ta riga mu. Ban da haka, ta fi dacewa da abin da Docker ko AppImage ke yi, wato manhaja ta kwashi duk tarkacen da take buƙata ta tafi da su. Wannan dabara ce ɗaya daga cikin dabaru, ba ita ce sifar ba. Akwai kuma wanda ya ce "ci-ko'ina", aka yi dariya aka wuce.

Wadda ta zauna mini daga bakin wani dattijo ta fito, tsohon malamin gona ne da ke zama da mu bayan La'asar. Ya saurari gardamar ya ce, "Yara, ai dashe kuke nufi." Duk wanda ya taɓa leƙa fadamar Galma da rani ya ga yadda ake yi: a yi rainon irin tumatir ko albasa a wuri guda, a cire, a kai wata ƙasa. Wani ya kama, wani ya yi yaushi ya mutu. Ke nan aikin kai manhaja wata babbar manhaja shi ne dashe, mai yi ya dasa ta, ita kuma ta dasu. Sifar ita ce dasuwa. Ku gwada a jimla: a 1973 aka sake rubuta babbar manhajar Unix da yaren C, abin da ya sa wajen 1977 aka iya dasa shi daga kwamfutar PDP-11 zuwa injin Interdata. Ko kuma: SQLite, manhajar adana bayanai, na da dasuwa ƙwarai. Harshe bai yi tuntuɓe ba.

Wata ɗaliba ta kawo suka mai ƙarfi. Ta ce, "Baba, in an dasa tumatir ai ya bar inda yake, manhaja kuwa tana nan a Linux bayan ta je Windows." Ya ce ta tuna rogo da rake, ana yankar kara a dasa, gonar farko ba ta ƙare ba. Wani kuma ya ce kunnen mutane zai tafi asibiti, wajen dashen ƙoda. Ni ina ganin wannan taimako ne ma, don kowa ya san jiki kan ƙi karɓar abin da aka dasa masa.

Saboda haka a bayaninmu mun rubuta "gwajin dasuwa". Duk lokacin da aka taɓa rubutun manhajar, GitHub Actions, wani tsarin gwaji mai sarrafa kansa, na gwada ta a Ubuntu da Windows da macOS, kuma mun cusa kalmomi irin su ɓarawo da ƙoƙari da ɗanɗano cikin gwajin da gangan.

Inda har yanzu ba mu daidaita ba shi ne naɗe laburaren don rabawa, irin fayil ɗin wheel da ake ɗorawa a PyPI, rumbun laburaren Python, ko deb na Debian, wani nau'in Linux. Ni "ƙunshi" nake so, ƙanena ya kafe a kan "ƙulli", wai ƙunshi na amare ne. Malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan, a raba mana wannan gardama.