Sitikokin da ake liƙawa a robar tsoffin sulalla: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Fagge a Dalas:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu tara tsoffin kuɗi ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa kan maganar sitika. Idan kamfanin tantancewa irin PCGS ko NGC ya duba kwandala ya rufe ta cikin roba mai tauri, ya sa 'yar takarda a sama da shekara da maki da lambar rajista, wannan kam na gane shi. Abin da ke ɗaure min kai shi ne ƙananan sitikokin da ake zuwa a ƙara liƙawa a kan robar daga baya. Ina da dalar azurfa ta Morgan, 1881-S, maki MS65, a gabanta akwai wata 'yar koriya mai ƙyalli an rubuta CAC, a bayanta kuma farar takarda mai layi-layi irin na kanti da wasu haruffa da aka rubuta da biro. Dillalin da ya sayar min ya ɗora kuɗi sosai a kan wadda ke kusa da ita alhali shekara ɗaya ce maki ɗaya, ya ce saboda koriyar ne. To me take nufi takamaimai, kuma sauran fa?

Baban Hajara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Koriyar nan ba PCGS ne suka liƙa ba, ba NGC ba, CAC kamfani ne na daban, wani John Albanese ya kafa shi a jihar New Jersey a 2007. Mutumin ba baƙo ba ne a harkar, yana cikin waɗanda suka kafa PCGS a 1986, shi ne kuma ya buɗe NGC a 1987. Abin da ya lura da shi shi ne maki ɗaya yana da faɗi, ma'aunin nan na 1 zuwa 70 da ake amfani da shi, idan ka jera kwandaloli goma duk an rubuta musu 65 wallahi ba za su zo ɗaya ba, wata saura ƙiris ta kai 66, wata tana tsakiya daram, wata kuma da ƙyar ta tsallake 64. Shi sai ya kasa su A da B da C. A da B su ake liƙa wa koriya, C a dawo maka da ita yadda ka aika.

Ni na fara fahimtar abin ne a babban bikin baje kolin da aka saba yi a Orlando a watan Janairu, wani dattijon dillali ya ɗora min rabin dala biyu na Walking Liberty a kan baƙin ƙyalle ƙarƙashin fitila, ya rufe takardun da yatsa ya ce in zaɓa. Ɗaya idan ka karkata ta hasken yana zagaya fuskarta gaba ɗaya ba yankewa, ɗayar kuma hasken yana mutuwa a wajen ƙafar matar, ga wasu 'yan ƙananan karce a fili inda ido ke fara sauka. Da ya ɗage yatsa maki ɗaya ne, ta farkon ce mai sitika. Tun ranar na daina kallon lamba kawai.

Mai Anini:
Gaskiya Baban Hajara ya faɗa. Amma a ƙara da cewa akwai mai ruwan zinari ita ma ta CAC ce, siffa ɗaya kala ce ta bambanta. Ita ma'anarta a ganinsu an rage wa kwandalar maki, ko da an ɗaga ta mataki na gaba za ta samu koriya. Ba kasafai ake ganinta ba, ni dai wadda na taɓa riƙewa a hannu a tsohuwar robar PCGS take, irin ta farkon nan ta wajajen 1986 zuwa 1989 wadda kwandalar ke ɗan motsi a ciki idan ka girgiza. Mai ita ya ce ko nawa za a ba shi ba zai fasa robar don neman ƙarin maki ba, don tsohuwar roba da sitikar zinari tare sun fi sabon maki tsada a wurin masu so.

Ummu Sadik:
Ni tambaya ce da ni yayyena. Kenan duk wadda ba ta da sitika ta faɗi jarabawar su ne? Domin maigidana ya bar min 'yan kaɗan a akwati babu ko ɗaya mai koriya, raina ya ɗan sosu da na karanta bayanin nan.

Baban Hajara:
A'a Hajiya, kwantar da hankalinki. Rashin sitika ba ya nuna komai da kansa, mafi yawan robobin da ke yawo a kasuwa ba a taɓa aika su can ba ma. Kuma su ba sa fitar da jerin waɗanda suka ƙi liƙa wa, waɗanda suka ci kawai za ki samu idan kin sa lambar rajista a shafinsu. Ko wadda aka aika aka dawo da ita ba sitika, ba wai an ce jabu ba ce ko makinta ƙarya ne, sau da yawa abin da ake nufi tana ƙasa-ƙasa ne cikin ajinta. Sannan in na ƙasashen waje ne ba na Amurka ba, ai ba ma sa karɓa tun farko.

Mai Anini:
Wannan na ƙarshen shi ya shafe ni kai tsaye. Ni abin da nake tarawa kuɗin zamanin Turawan mulkin mallaka ne na Afirka ta Yamma, kobo mai huji, anini, ɗari, sisi, taro, sule, irin waɗanda kakanninmu suka kashe a Kurmi. Ina da kobon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a shekarar, da ƙaramin harafin H a jiki na kamfanin Heaton da ke Birmingham, NGC suka rufe min shi. Wani abokina ya ce in aika a liƙa masa koriya farashi ya tashi, na ce masa ai ba hurumin su ba ne. Akwai wani kamfani WINGS da ke yin irin wannan aikin ga kuɗaɗen da ba na Amurka ba, na ga sitikarsu a kan wasu na Ingila da na Jamus a gwanjo, amma a abin da na gani ba ta ɗaga farashi yadda koriyar CAC ke yi wa dalar Amurka, kasuwar ba ta saba da ita haka ba. Saboda haka duk wanda ya nuna muku kobo mai huji da koriyar CAC a gabansa ku tsaya ku duba da kyau, akwai magana.

Ɗan Zinder:
Sannunku. Ni nawa labarin mara daɗi ne amma gara in faɗa ko wani zai tsira. Na sayi dala ashirin ta zinari, samfurin da ake kira Saint-Gaudens, a hannun wani mai sayarwa a intanet, hoto ya yi kyau, roba ta gaskiya, lambar rajista ta yi daidai a shafin kamfanin da ya ba da maki, ga koriya ɗas a gaba. Da ta iso sai na ga sitikar ba ta da zurfin ƙyallin nan, idan ka juya ta gaskiya launin yana wasa ne, ita wannan kore ce kawai a kwance, ɗaya gefen kuma ya ɗan ɗago har farce na shiga. Na sa lambar a shafin CAC babu ita sam. Wato kwandala ta gaskiya ce, maki na gaskiya, sitikar ce kaɗai aka ƙirƙira don a ci wannan ratar kuɗin da ke tsakani, kuma a zinari ratar ba ƙarama ba ce domin an san suna da tsanani sosai a kan zinari, ana yawan shafa wa irin waɗannan wani abu mai kama da danƙo don ɓoye karce, bayan wasu shekaru sai ya fito kamar hazo a fuskar kwandalar cikin roba. Alhamdulillahi an dawo min da kuɗina bayan doguwar jayayya, amma na sha zullumi. Yanzu wuri biyu nake duba lamba kafin in biya, shafin mai roba da shafin mai sitika.

Ɗan Fagge a Dalas:
Subhanallah, Allah ya kiyaye gaba Malam. Yanzun nan na sa tawa lambar, ta fito a shafinsu. To saura farar takardar baya da haruffan biro.

Alhajin Kwari:
Wannan ɓangarena ne ɗana, don na yi shekaru ina taya wani mai shagon tsoffin kuɗi aiki a nan Ohayo. Farar mai layi-layi ba ta da alaƙa da kyau ko munin kwandala ko kaɗan, ta gidan gwanjo ce ko ta shago, lambar kaya ce don kada su ɓace a ma'ajiya. Manyan gidajen gwanjo irin Heritage da ke garinku Dalas da Stack's Bowers da GreatCollections duk suna liƙa nasu a baya. Amfaninta ɗaya, in ka gane ta wane gida ce kana iya komawa tsoffin gwanjonsu ka ga hoton kwandalar da nawa aka taɓa sayar da ita, wannan ya sha taimaka min wajen ciniki.

Haruffan biro kuwa sirrin dillali ne. Yakan zaɓi kalma mai haruffa goma da ba sa maimaituwa, kowane harafi ya tsaya a madadin lamba ɗaya, sai ya rubuta kuɗin da ya saya da su, yana kallon bayan roba ya san iya inda zai iya sauka maka ba tare da ya faɗi ba. Daidai da yadda 'yan kasuwarmu ke sa alama a bakin bandir ɗin shadda, yaron shago ya gane, mai saye bai gane ba.

Gargaɗi ɗaya da nake so kowa ya riƙe, wajen ɓare irin waɗannan fararen ku bi a hankali, domin sau da yawa a kan tambarin kamfanin mai ƙyalli na baya ake manna su, kana fizga sai ya taho da shi, musamman tsoffin robobi, na ga yadda hakan ke rage wa kaya kwarjini a idon mai saye. Kuma kar a kuskura a goge sauran gam da asiton, ruwan cire jan farcen nan, yana cin robar ta yi fari-fari ba ta komawa. Ɗan ɗigon mai a auduga ya isa, a shafa a hankali a goge da busasshen ƙyalle.

Ummu Sadik:
Na gode Alhaji, Allah ya saka da alheri. Na koma na duba akwatin, ɗaya ƙaramin kobon Amurka ne mai hoton kan Ba'indiyen Amurka, akwai wata 'yar sitika mai hoton gaggafa a jiki, ban kula da ita ba sai yau.

Baban Hajara:
Madalla Hajiya, ai kina da mai sitika kenan. Wannan ta Rick Snow ce, dillali ne a Tucson ta jihar Arizona, ƙwararre a kan ƙananan kobon jan ƙarfe iri biyu, mai gaggafa a sama na 1856 zuwa 1858 da mai kan Ba'indiye na 1859 zuwa 1909. Ya riga CAC fara wannan aikin ma. A jan ƙarfe launi shi ne rabin kuɗin, shi ya sa za ki ga RD ko RB ko BN kusa da maki, ja zalla, ja da ƙasa-ƙasa, ko ƙasa-ƙasa gaba ɗaya, kuma ana yawan yi wa launin dabara da sinadari. Masu tara irin wannan kobon suna girmama idonsa ƙwarai. Kar ki ɓare ta, kuma ki ajiye akwatin inda babu laima.

Ɗan Zinder:
Yanzu fa sitikoki sun yi yawa, na ga CMQ da David Hall, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa PCGS, ya fito da ita tare da Greg Roberts na Stack's Bowers a 2023, akwai MAC da QA a kan sababbin kuɗi, har dillalai wasu na buga tasu su rubuta PQ, wato mai inganci na musamman, su manna wa kayansu da kansu. Ni abin da nake tambaya kafin in ƙara ko sisi shi ne wa ya liƙa, kuma in na dawo masa da ita gobe zai saya? Abin da ya ba koriyar CAC ƙarfi tun farko kenan, suna saka farashin saye a kan abin da suka liƙa wa, kuɗinsu na ciki. Wanda yake sayar maka da kaya kuma shi ne ya manna wa kayan shaidar yabo, wannan a wurina talla ce kawai.

Mai Anini:
Haka ne. Sai dai ni ina da ɗan saɓani da yadda wasu suka mayar da abin, har ka ga mutum ya ƙi ko ɗaga kwandala ya kalla don babu koriya, kyawawa da yawa na wucewa a haka. Kuma a sani tun 2023 CAC sun buɗe nasu sashen bayar da maki a Virginia Beach, suna rufewa a robarsu, a nan alamar a jikin takardar ciki take, ba mannawa aka yi a waje ba, kar wani ya gani ya rikice.

Alhajin Kwari:
Ƙarin abu biyu da suka taɓa faruwa a shagonmu. Wani ya kawo roba mai koriya duk ta karce ya ce a aika a sauya masa sabuwa, muka gaya masa sitikar fa ba ta bin kwandala, tana tafiya da tsohuwar roba, sai ya sake aikawa New Jersey a liƙa wata, da kuɗin aike da inshora da jira, da ya lissafa sai ya ce a goge masa karcen da man goge roba kawai. Na biyu, dalolin da aka buga a garin Carson City masu CC a baya, waɗanda gwamnatin Amurka ta fitar daga ma'ajiya ta sayar tsakanin 1972 da 1980 cikin doguwar baƙar roba ta GSA, hukumar gwamnatin da ta sayar da su, idan kun ga wata doguwar sitika ta zagaye ƙasan robar kamar ɗamara, wannan NGC ce, makin ne da kansa aka rubuta a kai don kada a fasa robar gwamnati, tunda masu saye sun fi son ta a gidanta na asali. Wata mata ta taɓa kawo mana irinta ta ce jikanta ya fara ɓare ɗamarar yana zaton ta farashi ce, rabi ya tashi, dole aka sake aikawa aka biya kuɗin dubawa daga farko.