Wai an taɓa hukunta ɗan sanda a ƙasar nan kan kashe mutum kuwa?

Abban Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Ɗan maƙocinmu ne aka zo aka ɗauke shi da asuba, da singileti a jikinsa ko takalmi bai sa ba, uwarsa ta bi motar tana roƙo har bakin titi. Kwana uku ana kai masa abinci ana karɓa, rana ta huɗu aka ce a je mutuware a duba. Abin da ya fi ƙona min rai, da yamma a rediyo na ji ana karanta wai an yi musayar wuta da 'yan fashi an kashe ɗaya. Musayar wuta a ina? Yaron da aka ɗauka a gabanmu daga kan katifa? Ba ɗan jaridar da ya tako layinmu ya tambayi ko mutum ɗaya. Uban ya ce ya bar wa Allah. Ni dai ina tambaya, akwai kotun da ta taɓa yin wani abu a irin wannan?

Barista_Kd:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansa ya ba iyayen haƙuri. An taɓa yi Malam, amma sai an sha wuya. Ka tuna 'yan kasuwar Apo su shida da aka kashe a Abuja a watan Yunin 2005? Maza biyar da mace ɗaya. Su ma 'yan fashi aka fara kiransu, sai da 'yan kasuwar suka yi bore kan yunƙurin binne gawarwakin a ɓoye, jaridu suka riƙe maganar, sannan Obasanjo ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Olasumbo Goodluck, kwamitin ya ce ba 'yan fashi ba ne. To hukunci bai fito ba sai Maris 2017, shekara kusan 12, Mai shari'a Ishaq Bello ya yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa ya sallami uku har da babban cikinsu, shi kuma DPO ɗin Garki tun farko ya tsere daga tsare. Shawarata, ku nemi rahoton likita a rubuce, a ɗau hoton raunukan in har ba a riga an yi jana'iza ba, shaidu su rubuta abin da suka gani da kwanan wata, a kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ba a biyan ko sisi.

Maman Sadiq:
Barista ai nan gizo ke saƙar. Mu da an ba mu gawa sai wanka da sallah kafin la'asar, wa zai yarda a tsaga ɗansa? Kuma su sun san haka wlh. Uwar nake tausayi, ita ce ta dafa abincin nan na kwana uku.

Bulama:
Mu a Maiduguri mun ga wanda ya fi haka a 2009. Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, da ransa sojoji suka miƙa shi, a hannun 'yan sanda ya mutu ran 30 ga Yuli, kuma duk abin da ya aikata ai kotu ya kamata ta yanke masa. Surukinsa Baba Fugu, dattijo, da ƙafarsa ya kai kansa ofishin 'yan sanda shi ma bai fito ba, kotu ta ce a biya iyalansa naira miliyan 100 a 2010. Bidiyon da ake kwantar da mutane a titi ana harbinsu har da masu sanduna, Aljazeera ce ta nuna shi a Fabrairun 2010, ba gidajen talabijin ɗinmu na nan ba.

Barista_Kd:
Su ma tsoro ne Bulama. Lokacin zanga-zangar EndSARS a 2020 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci Channels da AIT da Arise tarar miliyan uku-uku. Ƙaramin gidan rediyo da ke neman kuɗin dizal karanta takardar kakakin rundunar ya fi masa sauƙi. Ba uzuri nake ba su ba, ko ɓangaren iyalai ai sai a ji.

Abban Hanifa:
Na gode Barista. An riga an binne shi, amma wanda ya yi masa wanka ya ga bayansa, ya kuma ce zai faɗa a ko'ina. Bayan magariba zan samu baban nasa in karanta masa wannan, ko ya yarda mu je tare ranar Litinin.